Mai uwa a gindin murhu: shekarar da na yi ina bin diddigin haƙƙin 'yan tsiraru a Tarayyar Turai

Shafi huɗu na rubuta na kai wa farfesar da aka haɗa ni da ita ta duba aikina. Watan Oktoba ne na 2022, ban fi wata guda da sauka Beljiyam ba, inda na je karatun digiri na biyu a fannin shari'a. Kan maganar da na zaɓa shi ne yadda Tarayyar Turai take kare haƙƙin 'yan tsiraru, wato al'ummomin da harshensu ko asalinsu ko addininsu ya sha bamban da na akasarin mutanen ƙasar da suke zaune. Na shiga ofishinta ina ji da kaina, don na yi shekara uku ina aikin lauya a Kaduna kafin in taho. Ta karanta shiru, ta ɗauki jan biro ta ja layi ƙarƙashin yarjejeniyoyi biyu da na ɗora dukan ginin a kansu, ta turo mini takardar ta ce, "Waɗannan ba na Tarayyar Turai ba ne. Je ka gano na wane ne, ka dawo nan da mako biyu."

Na fito kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma in an bi ta barawo a bi ta mabi sawu. Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne kamar ni ya saba jin "Majalisar Turai" a kan abubuwa iri-iri, har ya ɗauka gida ɗaya ne. Ashe gida biyu ne. Akwai Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg, wadda aka kafa a 1949, mai ƙasashe 46, har da Birtaniya da Turkiyya da Yukren. An kori Rasha daga cikinta a Maris na 2022. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam da ake yawan ambata tata ce. Sai kuma Tarayyar Turai mai ƙasashe 27, hukumarta tana Brussels, kotunta tana Luxembourg. Don a ƙara rikita baƙo, tuta ɗaya suke ɗagawa, shuɗiya mai taurari 12, kuma majalisar dokokin Tarayyar ita ma a Strasbourg take zamanta na wata-wata. Yarjejeniyoyin nan biyu da na rungume, ta kare harsunan yankuna ta 1992 da ta kare 'yan tsiraru ta 1995, duk na gidan farko ne. Tarayyar ba ta sa musu hannu ba, kotunta ma ba ta hukunci da su.

Da na koma na ba ta wannan amsa, sai ta ce to madalla, yanzu kuma in gaya mata wane ne ɗan tsiraru. (Tun ranar farko ta ce in riƙa kiranta da sunanta kai tsaye yadda sauran ɗalibai suke yi. Har na gama bakina bai iya ba. Matar da ta kusa sa'ar mahaifiyata? Farfesa na riƙa ce mata, ita kuma ta gaji ta ƙyale ni.)

Wannan tambaya ta ci mini watan Nuwamba ɗungurungum. Yarjejeniyar 1995 ɗin kanta ba ta fassara kalmar ba, don waɗanda suka rubuta ta sun kasa haɗa baki a kai. Abin da kowa yake komawa gare shi shi ne ma'anar da Francesco Capotorti ya tsara wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1977: jama'a ce da ba ta kai sauran yawa ba, mulki ba ya hannunta, 'yan ƙasa ne, suna da harshe ko addini ko asali nasu, kuma suna son su riƙe shi. Ba wata doka da ta tilasta wa kowa bin wannan. Max van der Stoel, ɗan ƙasar Holan da ya fara riƙe muƙamin babban kwamishinan harkokin 'yan tsiraru na ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai, shi cewa ya yi in ya ga 'yan tsiraru yana gane su. Na yi dariya da na karanta, daga baya na ga iyakar gaskiyar ke nan.

Tunda babu ma'ana ɗaya, kowace ƙasa ta yanka wa kanta. Jamus ta ce nata 'yan tsirarun huɗu ne: 'yan asalin Denmark na arewa, da Sorbiyawa, da Firisiyawa, da Sinti da Roma (al'ummar da aka fi sani da Jipsi, ba mutanen birnin Roma ba). Miliyoyin 'yan asalin Turkiyya da iyayensu suka fara zuwa aikin ƙarfi tun 1961 ba sa cikin lissafi. Faransa kuwa ta ce ita sam ba ta da 'yan tsiraru, jamhuriya ɗaya ce ba ta rabuwa, kowa Bafaranshe ne. Ko hannu ba ta sa wa yarjejeniyar 1995 ba. Girka ta sa hannu ta ajiye a aljihu. Beljiyam ɗin da nake zaune a cikinta ina wannan karatu ita ma ta sa hannu tun 2001, har yau ba ta zartar ba.

A nan ne na fara hango inda gizo yake saƙa. A watan Yuni na 1993, ana tsakiyar yaƙin Bosniya, shugabannin Tarayyar suka zauna a Copenhagen suka gindaya sharuɗɗa ga ƙasashen gabashin Turai masu son shigowa. Cikin sharuɗɗan akwai dimokuraɗiyya, da bin doka, da haƙƙin ɗan Adam, da mutunta 'yan tsiraru da kare su. Shekara huɗu bayan haka, da aka zo kwashe waɗannan ƙa'idoji a zuba cikin yarjejeniyar Amsterdam, wadda za ta hau kan tsofaffin 'yan gida su ma, sai aka ɗauki sauran aka bar maganar 'yan tsiraru a waje. Laifi tudu ne. Faransa tana cikin masu duba takardun wasu a bakin ƙofa, alhali da ita aka yi wa jarrabawar da ba ta ci ba.

Duk da haka sharaɗin ya yi aiki, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a duk karatun. A Disambar 1997 aka bar Slovakiya a baya lokacin da aka kira rukunin farko teburin tattaunawa, saboda salon mulkin firaministanta Vladimír Mečiar, har da yadda ake tafiyar da 'yan asalin Hungary na kudancin ƙasar. Ya faɗi zaɓe a 1998. Sabuwar gwamnati ta yi doka a 1999 cewa duk garin da 'yan tsiraru suka kai kashi 20 cikin 100 suna iya hulɗa da hukuma da harshensu. Nan da nan aka buɗe mata ƙofa, ta shiga ranar 1 ga Mayu, 2004. Shekara biyar kacal bayan nan, a 2009, aka gyara dokar harshen ƙasa aka sa tara har ta yuro 5,000 a kan saɓa ƙa'idar amfani da harshen Slovak a harkokin jama'a. Hungary ta yi ta kumfar baki. Brussels ta yi 'yan maganganu ta koma gefe. A gefen littafina na rubuta: mai neman aure. Kafin a ɗaura, gaisuwa har ƙasa, takalmi a hannu tun daga zaure. Ana shafa fatiha sai ka ji sallamarsa daga kan babur.

Latviya ma haka. Bayan 1991 mutane wajen 700,000, akasarinsu masu jin Rashanci, suka wayi gari ba 'yan ƙasa ba. Matsin lamba daga waje ya sa aka sassauta dokar zama ɗan ƙasa a ƙuri'ar raba gardama ta 1998. Amma ta shiga Tarayyar a 2004 da sauran matsalar a goye, kuma lokacin da nake rubutu akwai fiye da mutum 150,000 masu fasfon "ba ɗan ƙasa ba", waɗanda ba sa zaɓen kansila balle na majalisar dokokin Turai.

Sai na ɗauka ai yarjejeniyar Lisbon ta toshe wannan kafa, tunda daga Disambar 2009 sashe na 2 ya ambaci haƙƙin mutanen da suke cikin 'yan tsiraru a jerin ginshiƙan Tarayyar. Na kai wa Farfesa wannan da murnata. Ta ce, "Karanta mini sashen da ya ba Brussels ikon yin doka a kai." Na yi ta juya shafi. Babu. Kundin haƙƙoƙin Tarayyar ya haramta wariya saboda kasancewar mutum ɗan tsiraru a sashe na 21, amma sashe na 51 ya ce kundin yana hawa kan ƙasa ne kawai a lokacin da take aiwatar da dokar Tarayya. Makaranta, harshen koyarwa, sunan gari a allon hanya, wa za a ba takardar ɗan ƙasa, duk waɗannan hurumin ƙasashe ne. Akwai sashe na 7 da ake iya dakatar da ƙuri'ar ƙasar da ta taka ginshiƙan, sai dai kafin a kai nan dole sauran ƙasashe duka su yarda ba mai ja. Lura kuma da lafazin sashe na 2: "mutanen da suke cikin" aka ce. Mutum ɗaya-ɗaya ake nufi. Al'umma a dunƙule ba ta da ƙafar da za ta tsaya a kai.

Tsakiyar hunturu na koma karatun shari'o'i, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, ni da hita da shayi. A nan na ci karo da shari'ar da har yau in na tuna sai na ji kamar a unguwarmu aka yi ta. A garin Dupnitsa na Bulgeriya akwai unguwar da akasarin mazaunanta 'yan Roma ne. Kamfanin wutar lantarki ya ɗauki mitocin unguwar gaba ɗaya ya maƙala su a kan turaku, tsayin mita 6 zuwa 7, alhali a sauran unguwanni mita tana daidai ido, tsayin mita 1.7. Hujjarsa ita ce ana satar wuta. Wata mai kanti a unguwar, wadda ita ba 'yar Roma ba ce, ta kai ƙara cewa ba ta iya ganin abin da ta sha, kuma an yi wa unguwa guda kuɗin goro an mai da kowa ɓarawo. Magana ta kai Luxembourg. A watan Yulin 2015 kotun ta ce dokar hana wariyar launin fata da asali ta shekarar 2000 ta shafi wannan, kuma ba sai kai kanka ɗan ƙabilar ne za ka iya kuka ba, muddin wariyar ta taɓa ka. Sannan ta mai da wa kotun Bulgeriya ta auna hujjojin. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin turken wuta yana jayayya da mai tsani a kan bil zai gane zafin matar nan.

Wannan doka ta 2000 ita ce makami mafi kaifi da Tarayyar take da shi, kuma 'yan Roma ne suka fi buƙatarta. Sai dai jan ƙafarta ya isa. Tun Nuwambar 2007 kotun Strasbourg ta yanke hukunci a kan ƙarar yara 18 na garin Ostrava a Jamhuriyar Cek, inda alƙaluma suka nuna ɗan Roma ya ninka sauran yara sau 27 wajen yiwuwar a tura shi makarantar masu raunin fahimta. Sai a 2014 hukumar Brussels ta buɗe wa ƙasar fayil. Ta buɗe wa Slovakiya nata a 2015 a kan irin wannan laifi, amma ba ta kai ta kotu ba sai Afrilun 2023, ina tsakiyar rubutuna. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2015 ya gama firamare ana musayar wasiƙu.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar rigima da na saka a ƙasan shafi kawai amma ta zauna mini a rai. A 2017 wasu iyaye a yankin Bretagne na ƙasar Faransa suka raɗa wa ɗansu suna da harshensu na Breton, sunan yana da harafin n mai 'yar lanƙwasa a ka. Hukuma ta ce haruffan Faransanci ba su san wannan ba. Aka yi ta shari'a. A 2021 majalisar dokoki ta yi dokar da ta halatta irin waɗannan alamomi, majalisar tsarin mulki ta soke wannan sashe. Tarayyar Turai ba ta da ta cewa.

'Yan tsirarun da kansu sun gwada ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Dokar Tarayyar ta ce in mutum miliyan 1 daga ƙasashe aƙalla 7 suka sa hannu cikin shekara guda, suna iya neman hukumar ta gabatar da doka. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙananan al'ummomin Turai ta kai irin wannan buƙata a 2013, hukumar ta ƙi ko rajistarta, wai ba huruminta ba ne. Kotu ta soke ƙin a Fabrairun 2017, aka karɓi buƙatu 9 cikin 11. Suka tara sa hannu fiye da miliyan 1.1, suka cika ƙa'ida a ƙasashe 11. Majalisar dokokin Turai ta mara musu baya da ƙuri'a 524 a Disambar 2020. Wata guda bayan haka hukumar ta amsa da dogon bayani mai ladabi wanda ƙarshensa shi ne ba za ta kawo sabuwar doka ko ɗaya ba. Suka koma kotu, aka kori ƙarar a Nuwambar 2022. Shekara tara ana tafiya. Wani abin da na lura da shi a jadawalin sa hannun shi ne kusan rabinsu daga Hungary suka fito, wani babban kaso kuma daga Romaniya inda 'yan asalin Hungary suke da yawa. A lokacin ban ba abin muhimmanci ba.

Cikin azumi, farkon Afrilun 2023, na hau jirgin ƙasa zuwa Tirol ta Kudu a arewacin Italiya, don kowane littafi da na buɗe yana nuna ta a matsayin zakaran gwajin dafi. Tun daga tasha komai biyu-biyu ne: sunan babban birnin yankin da Jamusanci, Bozen, a sama ko a ƙasa, na Italiyanci, Bolzano, kusa da shi. Yankin na Ostiriya ne kafin a ba Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zamanin Mussolini aka hana koyarwa da Jamusanci, aka sauya sunayen garuruwa da duwatsu, aka kwararo ma'aikata daga kudu. A ƙidayar 2011 masu jin Jamusanci sun kai wajen kashi 69, masu Italiyanci 26, masu ƙaramin harshen Ladin 4 da ɗoriya. Kowane rukuni da makarantunsa. Aikin gwamnati ana raba shi ne daidai wannan kaso, kuma kafin a ɗauke ka sai ka ci jarrabawar harsuna biyu, sai kuma ka nuna takardar da ka ajiye a kotu wadda ka bayyana rukunin da kake. Ina jin haka na ce a raina, a'a, ai wannan takardar shaidar ɗan asalin jiha ce ta sa kwat.

A wani ɗakin salla da na je buɗa baki na zauna kusa da wani matashi, iyayensa 'yan Maroko, shi kuwa a nan aka haife shi, yana jin harsunan biyu kamar ruwa. Na tambaye shi wane rukuni yake. Ya ce, "Ɗan'uwa, akwai gurbin 'wani daban', amma ko ka cika shi sai ka zaɓi ɗaya cikin ukun ka jingina, in ba haka ba babu kai a rabo." Na ce to wanne ya zaɓa? Ya yi murmushi ya miƙo mini dabino, ya ce wanda guraben aikinsa suka fi yawa.

Abin da na tarar a ɗakin karatu na can shi ne duk wannan tsari ba aikin Tarayyar Turai ba ne. Tushensa yarjejeniya ce tsakanin Karl Gruber na Ostiriya da Alcide De Gasperi na Italiya a Paris, Satumbar 1946. Da Italiya ta yi ta jan ƙafa, Ostiriya ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960. Aka yi shekarun tayar da bama-bamai a turakun lantarki. Aka samu sabon kundin cin gashin kai a 1972, kuma sai a 1992 Ostiriya ta ce ta gamsu, shekara uku kafin ta shiga Tarayyar. Gudummawar Tarayyar ta zo daga baya, kuma ba ƙarama ba ce: a 1998 aka cire shingen duba fasfo a mashigar Brenner da ke iyakar Ostiriya da Italiya, kuɗi ma ya zama ɗaya, har iyakar da aka zub da jini a kanta ta koma allo a gefen titi.

Daren nan na kira mahaifina a Zariya bayan tarawihi. Tun tafiyata yake tambayata me nake karantawa takamaimai, ban taɓa ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Wannan karon na ce, "Baba, ka ga waɗannan Jamusawan na Italiya, Ostiriya ce ta tsaya musu. 'Yan Denmark na Jamus kuma Denmark ta tsaya musu, tun 1955 aka yi alkawari tsakanin ƙasashen biyu. 'Yan Hungary suna da Hungary. Su kuwa 'yan Roma sun kai wajen miliyan 6 a cikin Tarayyar, sun fi kowa yawa, sun fi kowa shan wuya, ba su da ƙasar da za ta ɗaga waya dominsu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan ne ka tafi har Turai nema? Ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya."

Na fassara wa Farfesa wannan karin magana da na dawo. Ta rubuta shi a takarda, ta ce ga kundinka nan, saura ka kawo hujja. Amma ta ƙara da cewa kada in manta uwa ma takan ƙona ɗanta garin zuba miya. Gaskiyarta. A 2010 Hungary ta sauƙaƙa ba 'yan asalinta na ƙetare takardar ɗan ƙasa, Slovakiya ta rama da dokar ƙwace tata takardar daga wanda ya karɓi ta wata ƙasa, talakan kudancin Slovakiya ya tsinci kansa tsakanin giwaye biyu. Rasha kuwa da sunan kare masu jin Rashanci take fakewa, kuma bayan ta afka wa Yukren a 2022 Latviya ta yi dokar mai da duk koyarwa harshen Latviya kafin ƙarshen 2025. Wannan babi ya fi kowanne ba ni wahala, sau huɗu na sake shi.

Sauran aikin gumi ne kawai. Mayu da Yuni ina rubutu, ita tana yanka. Babi guda da na yi a kan harsuna 24 na hukuma, da yadda harshen Malta mai mutane wajen rabin miliyan yake ciki amma Kataloniyanci mai miliyoyi yake waje, ta cire shi gaba ɗaya ta ce wannan kundi ne na daban.

Ranar kare kundi mutum uku ne a gabana. Tambayoyin shari'a na amsa su ba gargada. Can ƙarshe wani dattijo cikinsu ya cire tabarau ya ce, a ƙasarku kai ɗan tsiraru ne? Na ce a'a. Na ce ni ina cikin waɗanda ake jin tsoro. A 1957 da 1958 kwamitin Willink ya zagaya Najeriya yana sauraron fargabar ƙananan ƙabilu, kuma a Arewa mu ake kawo ƙara. Kwamitin bai ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba, ya ce a sa babin haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki, kuma babin da ya shiga kundin 1960 daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta 1950 aka kwaikwayo shi, ta gidan Strasbourg ɗin nan da na rikita da Brussels a watan farko. Na ce na yi shekara uku ina kafa hujja da jikan wannan babi a kotunan Kaduna ban san daga inda ya fito ba. Dattijon ya mai da tabaransa ya rubuta wani abu.

Da lokacin karɓar takardar shaida ya yi, na tarar an rubuta sunan mahaifina da D, alhali da Ɗ yake farawa. Na koma ofishin rajista na nuna wa matar da ke wurin, har na zana mata ƙugiyar a takarda, na ce in babu ita sunan ya zama wani abu daban. Ta saurare ni da kyau, ta ce kwamfutarsu tana iya fitar da harafin, amma ƙa'idarsu ita ce su rubuta suna yadda yake a fasfo. Ta ce in kawo fasfon ta gyara yanzu.

Na zaro shi daga jaka, kore, na buɗe shafin hoto na miƙa mata. D ce a ciki.